Bazararsu Ba Irin Tamu Ba Ce

Ku da kuke zama a bakin shagon nan kuna latsa waya, na ji abin da ɗayanku ya faɗa jiya, ni ba kurma ba ne. Wai aikin Malam Sabo ko ɗan firamare zai iya, ka danna Kano, ka danna Jidda, tikiti ya fito. To madalla. Tikiti kam zai fito. Abin da wayar ba za ta faɗa maka ba shi ne ko wanda ka yankar wa tikitin zai iya tafiyar. Ku matso ku ji, in kun gama ji kuka ga har yanzu abin wasa ne, ga kujerar nan, ni ma bayana ya gaji da ita.

Tikitin farko da na rubuta da hannuna na wata tsohuwa ce daga Haɗeja da za ta Umra. A Kano ne, a ofishin maigidana Alhaji Isyaku, Allah ya jiƙansa da rahama, inda na daɗe ina shara da aike kafin a bar ni in taɓa biro. Tikitin wancan zamani ɗan littafi ne, bayan kowane shafi da jan kabon, sai ka danne biro da ƙarfi kafin rubutu ya ratsa zuwa shafin ƙarshe. In ka tashi aiki yatsunka jajir kamar ka sha lalle. Ga wani littafin lokutan jirage, ya fi bulo nauyi, kowane gari na duniya da haruffansa uku, kuma dole ka haddace. Na rubuta na tsohuwar nan tsaf, na kai wa maigida ina jiran yabo. Ko kallonsa bai yi ba. Ya ce, "Za ta sauya jirgi a Alƙahira. Tana jin Larabci? Ta taɓa ganin matakalar da ke tafiya da kanta? Ƙafarta lafiya?" Na ce ban tambaya ba. Ya ce, "To takarda ka yi wa aiki. Koma ka zauna da mai tafiyar." Na koma muka yi ta hira har ta ɓantaro mini goro, a nan na gane ko motar haya ba ta taɓa shiga ita kaɗai ba. Aka sauya mata jirgin da ba ya tsayawa ko'ina, aka haɗa ta da ayari.

Maganar maigida ba ta zo mini baƙuwa ba, don mahaifina mai fito ne a Katagum. In damina ta yi nisa kogi ya kawo, shi ke tsallakar da mutane a kwale-kwale ran kasuwa. Kafin kowa ya sa ƙafa sai ya ƙare masa kallo, ya ce kai zauna a tsakiya, ke ɗora yaron nan a cinya, kai mai akuya jira sawu na biyu. Sana'armu ɗaya da shi. Bambancin kawai shi yana ganin jirginsa kullum, ni kuwa nawa duk a takarda suke. Sau ɗaya na bar ƙasar nan, shekarar da na sauke farali, teku kuma ta tagar jirgi na hango shi muna sauka Jidda.

Da na dawo Azare na buɗe shagon nan, mutane suka riƙa zuwa daga Misau, daga Gamawa, har Gololo. Kayan aiki suka yi ta sauyawa, faks ya zo ya tafi, kwamfuta ta zo ta zauna, janareta ya cinye mini kunne guda. Masu zuwa dai ba su sauya ba. Ɗan kasuwa mai zuwa Dubai ko Sin, nauyin kaya ne damuwarsa, kuma duk abin da ya ce zai ɗauko ka ninka shi. Mara lafiya mai zuwa Masar, ka nema masa kujerar da ba sai ya tsallake kowa ba in zai zaga. Ɗalibi kuwa ba shi da matsala, uwarsa ce aikin, ita za ka zaunar ka nuna wa taswira har ta yarda garin yana nan a duniya.

Sai shekarar korona ta zo. Aka tsayar da Umra, aka rufe filayen jirgi, wayar da a da ba ta barina in ci abinci ta yi tsit. Abokan sana'a wani ya koma sayar da shinkafa, wani ya rufe ya koma gona. Ni kullum sai in zo in buɗe, in share, in lulluɓe kwamfuta da tsohon zani, in zauna. Maiɗakina ta riga ta rasu, yara sun watse neman abinci, wannan Bauchi, wancan Legas. Gida shiru, shago shiru, amma na gwammace na shago, ko ba komai ana wucewa a titi.

A shekarar ne Alhaji Buba ya fara zuwa. Tsohon falken shanu ne ɗan Gamawa da ya yi gida a Azare, na sha yi masa aikin Umra. Shi ma iyalinsa ta rasu, 'ya'yansa sun yi nisa. Da an idar da la'asar sai ka gan shi da sandarsa da fulas ɗin shayi. Shi Bafulatani, ni Babarbare, kun san abin da ke tsakaninmu. Tun daga bakin ƙofa zai ce, "Ina bawana, kifin rijiya, mai aika mutane inda bai taɓa zuwa ba?" Ni kuma in ce, "Ga ni, ɗan Fulani, yau ma nonon bai saidu ba ne aka zo cin arziki?" Mu sha shayi, mu zagi juna, in an kira magariba mu tsallaka masallaci tare. Akwai wata tsohuwar kalanda a bangon nan mai hoton duwatsu kore shar, ruwa ya ratsa tsakaninsu. Sai ya daɗe yana kallonta, ya ce, "Kai, wannan ciyawa! Wallahi da zan ga irinta da idona kafin in mutu, ko saniya ɗaya ba ni da ita, na more." Da duniya ta buɗe aiki ya dawo, amma shi bai daina zuwa ba. In da baƙi ya koma gefe ya yi shiru, in sun tafi ya ɗora daga inda ya tsaya.

Aikin da nake son ku ji ya zo ne ta waya, daga 'yarsa Adama, ma'aikaciyar jinya a Ingila. Kafin nan, a wata bazara, Alhaji ya yanke jiki ya faɗi a kara, kasuwar shanu, aka kwantar da shi, likita ya ce zuciya ce, kuma zafi ba ya yi mata daɗi. 'Ya'yan suka yi juyin duniya ya bar Azare, ya ce ba inda zai je, ko da taku ɗaya. To Adama ta san labarin kalandar nan. Ta samo wani kamfanin jirgin ruwa na yawon shaƙatawa, wanda ke tashi daga Ingila ya bi gaɓar Norway har can arewa, ta cikin irin duwatsun nan, ya dawo. Ta ce, "Kawu, ni ban san kamfanin nan ba, ba na cikin manyan da aka sani. Kuma ko na sani, Baba ya ce ba zai taka jirgin da kai ba ka ce ya taka ba. Don Allah ka duba mana." Na ce ni jirgin ruwa ban taɓa sayar da tikitinsa ba. Ta ce ta sani, amma shi ka san shi.

Sannan ta sassauta murya. "Kawu, ba zan ɓoye maka ba. In ya fito, zai yi watanni a wurina a duba zuciyar sosai, daga nan sai Abuja wurin ƙanena Usmanu, kusa da asibiti. Gidan Azare za a rufe. Jirgin nan shi ne igiyar da za mu jawo shi da ita." Na ce to.

Da la'asar ya zo yana huci. Ba ya faɗin sunanta, 'yar fari ce. Ya ce, "Ka ji yarinyar nan ta Ingila? Wai in je in shiga jirgin ruwa, kuma wai lokacin bazararsu. Bazara! Ni da bazara ta kayar a kara, in bar tamu da na sani, mai inuwar darbejiya, in je in tarar da wata a tsakiyar ruwa, ƙarfe sama ƙarfe ƙasa? Ai gasa ni za a yi kamar balangu. Ka faɗa mata bai dace ba, a wuce wurin."

Nan take na ga inda aka yi tuntuɓe. Turawa suna da sunan lokacin da rana ke fito musu, masu rediyo kuma suka saba fassara shi da bazara, yarinyar ta ɗauko kalmar ta miƙa wa ubanta. Ita tana nufin lokacin da sanyi ya ɗan saki mutane. Shi kuwa abin da ya ji shi ne watan da kwalta ke narkewa, ruwan randa ya yi ɗumi, mutum ya kwana a tsakar gida yana fifita. Kalma guda, kowa da abin da ya gani a cikinta.

Zan faɗa muku gaskiya, raina ya so in yi shiru. Ba sai na yi ƙarya ba. In ce, "To Alhaji, yadda ka gani," shi ke nan, gobe da la'asar ga shi ga fulas. Mutum ɗaya ne ya rage mini a garin nan da zan zaga ya rama. Na ce masa, "Ba ni lokaci in duba." Ya ce, "Duba me, kifin rijiya?" Na ce aikina ne.

Yanzu ku saurara, don nan ne sana'ar take. In kamfani baƙo ne gare ka, hotunan da shi ya ɗauka ba su da amfani, kowa ya iya wanke ɗansa ran sallah. Hotunan fasinjoji nake nema, waɗanda suka ɗauka a karkace, kan wani ya shiga ciki. Kuma ban kalli duwatsun ba, tufafin mutane na kalla. Ga rana tarwai, amma kowa da rigar sanyi mai kauri, da hula har kunne, wata tsohuwa ta naɗe ƙafa da bargo. Na duba ma'aunin zafin garuruwan a watannin da za su je, sai na ga bazarar tasu ta fi asubahin tsakiyar sanyinmu sanyi. Wato tsoron Alhaji ya faɗi, amma wani ya tashi a madadinsa. Dattijon da bai taɓa sa safa ba, zai iya?

Sai na koma wurin da fasinjoji ke rubuta ƙorafi, don mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Yabo ban tsaya karanta shi ba. Wani saurayi ya rubuta doguwar takarda yana kumfar baki, wai jirgin duk tsofaffi ne, ba kiɗa ba rawa, ana gama cin abinci kowa sai ya nemi ɗakinsa. Na ce Allah ya yi maka albarka, yaro, ka gama mini rabin aiki. Wata ta ce jirgin ƙarami ne, kuma an ɗumama ɗakuna har sai da ta cire rigar sama. Na ce ke ma kin taimaka. Wani ya ce kifi safe, kifi rana, kifi dare, ya gaji. To ga abincin Alhaji ya samu, ba sai an yi ta tambayar wa ya yanka ba. Abin da nake tsoron gani, a ce mutum ya yi ciwo an rasa mai duba shi, ko a ce an bar tsoho a baya a wani gari, na neme shi sama da ƙasa ban gani ba.

Daga nan na buga musu waya da kaina. Wata mata ta ɗauka, Turancinta na gudu kamar ruwan famfo, na ce ta yi a hankali, da dattijo take magana. Na tambaye ta likita, ta ce yana kwana a cikin jirgin, kuma kusan kullum suna tsayawa a gari mai asibiti. Na tambaya ko jirgin na matsawa har bakin gaɓa, ko sai an sauke mutane a ƙananan jirage, don ni ɗan mai fito ne, na san inda tsoho ke zamewa. Ta ce yawanci har gaɓa, inda ba haka ba kuma mutum na iya zamansa a ciki. Na tambayi igiyar ruwa, ta ce sai ranar tsallaka babban teku, bayan nan tsakanin duwatsu ake bi, ruwan a kwance yake. Na sa ta nemo ɗaki a tsakiyar jirgin, ƙasa-ƙasa, inda girgiza ba ta da yawa, kusa da na'urar hawa bene. Na tambaya akwai wurin zama mai gilashi da mutum zai ga waje iska ba ta buge shi ba, ta ce akwai, shi tsofaffi suka fi so. Da na zo kan buta muka yi ta fama, na kwatanta, na sake kwatantawa, ta ce ko tukunyar shayi nake nufi. Na ce bari kawai, zai zo da tasa. Ta yi dariya, ta ce tun da take aikin ba a taɓa yi mata tambayoyi irin nawa ba.

Saura abu ɗaya da ya tsaya mini a wuya. A cikin hotunan fasinjojin na ga wani, rana na sama jajir, mai hoton ya rubuta wai tsakar dare ne. Na ɗauka shaƙiyanci ne, na bincika, ashe gaskiya ne. In jirgin ya yi can arewa a wannan lokaci, rana ba ta faɗuwa sam, sai ta sunkuyo kamar za ta tafi, ta fasa. Na ce innalillahi, to magariba fa? Na je na sami limaminmu bayan azahar. Ya ce malamai sun daɗe da magana a kai, mutum ya ƙaddara lokutansa, ko ya bi gari mafi kusa da rana ke faɗuwa, ko ya bi Makka. Alƙibla kuma ya fuskanta iyakar iyawarsa, in jirgi ya juya ya juya, in bai iya ba Allah ba ya ɗora wa rai abin da ba ta iyawa. Na fito daga zauren liman na san da hannuna na toshe ƙofa ta ƙarshe da Alhaji zai bi ya tsere wa tafiyar.

Ranar da na faɗa masa, sai da na bari ya sha shayinsa. Na juyo da kwamfutar na nuna masa tsohuwar nan mai bargo. Na ce, "Alhaji, ga bazarar da kake tsoro. Sunan ne kawai. Sanyi ne a can, irin wanda likita ke nema wa zuciyarka." Ya matso da fuska, ya daɗe yana kallo. Ya ce, "To sanyin zai kashe ni." Na faɗa masa ɗaki, da gilashi, da likita. Ya ce abinci fa, na ce kifi. Don kada a ce na ɓoye wani abu, na faɗa masa maganar rana. Sai fuskarsa ta washe, ya buga sanda a ƙasa. "Shi ke nan! Ni Buba in je inda babu magariba?" Na ce na riga na ga liman, na faɗa masa abin da ya ce.

Ya jingine sandar. Can ya ce, ba tare da ya kalle ni ba, "Ka san in na fita ba za su bar ni in dawo ba?"

Na ce, "Na sani. Ta faɗa mini."

"Kuma ka ce in je?"

Na ce, "Jirgin ya dace da kai, Alhaji. Na duba ta ko'ina."

Ya rufe fulas ɗinsa a hankali. Ya ce, "Kai Babarbare ba ka da hankali. Da ka bar ni da bazarata." Har yau ban sani ba ko da gaske bai gane kalmar ba, ko kuwa ya gane tun farko, ya miƙo mini ita ne in riƙe mana. Ban tambaye shi ba.

Sauran duk aikin hannu ne. Biza biyu, ta Ingila da ta ƙasar da jirgin zai tsaya, hotuna, takardar likita, inshora, zuwa Abuja a ɗauki yatsu. Na raka shi wurin masu gwanjo muka zaɓo rigunan sanyi, ya gwada wata jibgegiya a kan babbar riga, ya dubi kansa ya ce ya zama buhun gawayi. Na ce dama can. Na sa aka ɗinka masa aljihu a cikin 'yar shara don fasfo da magani. Kan maganar salla kuwa, da na ce ya zaɓa, gari mafi kusa ko Makka, sai ya ce, "Ni garin da ya fi kusa da ni Azare ne." Na duba, tazarar agogonmu da nasu ba ta da yawa, lokutanmu za su zauna masa daidai a can. Na kai wa liman maganar, ya yi murmushi, ya ce shi dai ya faɗi abin da ya karanta, amma Allah ya san zuciyar tsoho. Alhaji ya bar agogon hannunsa a lokacin gida. Magariba ce kawai ya ce bai yarda da agogo ba, sai ya ji da kunnensa.

Haka aka yi. Tun daga ranar da shi da Adama suka shiga jirgin, da rana ta yi ja a nan sai wayata ta yi ƙara. "Bawana, an kira?" In ce saura kaɗan. Sai ya cika ni da labari kafin lokaci. Wai ya ga tumaki a kan dutse inda ko akuyar Gamawa ba za ta hau ba. Wai ciyawar ta fi ta kalanda, amma shanunsu gajeru ne, ba tozo ba ƙaho, abin tausayi. Wai wani tsohon Bature ya maƙale masa, ba mai jin yaren wani, suna zama a bayan gilashi suna nuna wa juna abu da yatsa. Numfashinsa ma ya sauya, yana magana mai tsawo ba ya tsayawa haki. Da ladan ya ɗaga murya sai in fita bakin ƙofa, in ɗaga wayar sama wajen masallaci, in riƙe har a gama. In na mayar kunne sai in ji yana amsawa ƙasa-ƙasa. Ya ce, "Rana na nan tsaye a kaina kamar hantsi, amma na ji. Je ka kada ka rasa raka'a."

Kwanakin nan ban taɓa yin aikin da ya zauna daidai kamarsu ba. Ko mura bai yi ba. Adama ta kira tana ta godiya har da kuka, ta ce tun rasuwar mahaifiyarsu ba ta ga yana cin abinci haka ba. Yau yana Abuja wurin ɗansa, a ɗaki mai na'urar sanyaya wuri, bazara ta zo ta wuce ba ta taɓa shi ba. Gidansa na nan an sa kwado. Mukan gaisa ran Juma'a, amma zagi ba ya daɗi a waya, kuma jikoki na ta hayaniya a kansa, sai mu yi gajeruwar gaisuwa irin ta mutanen kirki mu ajiye.

To kun ji. In mutum ya zauna a gabanka ya ce duba mini, abin da ka gani shi za ka faɗa, ko da kai ne za ka kwana a ciki. Wannan ba ya cikin waya.

Ranar ƙarshe a jirgin, bayan an gama kira, bai ce in tafi masallaci ba. Ya ce, "Sabo." Bai taɓa kirana da sunana ba sai ranar. "Gobe muna sauka. Garin yarinyar nan rana na faɗuwa, kuma akwai masallaci a bayan layinsu. Ba sai ka wahala ba." Na ce to madalla, Allah ya huta gajiya. Ya ce amin. Ba wanda ya ajiye waya, kowa na jin numfashin ɗan'uwansa, har aka tayar da iƙama.

Washegari da rana ta yi ja ina cikin cike wa wani ɗan kasuwa takardun Dubai. Ladan na cewa Allahu akbar, ban san lokacin da na miƙe ba, sai ga ni a bakin ƙofa, hannu a sama, waya a ciki. Na tuna babu kowa a kan layi, amma na ji nauyin in sauke hannun ana tsakiyar kira, na bar shi a haka har aka gama. Wani ɗan acaɓa da ke alwala a bakin kwata ya ɗago ya dube ni. Ya ce, "Malam, sabis kake nema?"

Na ce masa e, sabis.